Mulkin Kai Dabam, 'Yancin Kai Dabam



Maganarmu ta yau a kan kalmomi biyu ce na Turancin Ingilishi, ɗaya self-government, ɗaya independence. Masu fassara sun saba su haɗa su a ƙwarya guda, su ce da ko wacce mulkin kai. Za ka ji mutum ya ce Jihar Arewa ta Nijeriya ta sami mulkin kai a 1959, can an jima kuma shi ɗin dai ya ce Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, mai sauraro ya rasa ko sau biyu aka ba da abu guda. Alhali Turawan da suka rubuta kalmomin nan cikin dokokinsu ba su taɓa ruɗa su ba ko sau ɗaya. Sun san abin da ko wacce ke bayarwa, sun kuma san abin da ko wacce ke hanawa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Wani zai ce, mu da Faransa ta mallaka, ina ruwanmu da Ingilishi? To, wanda ke kai gujiya ko awaki Jibiya da Illela da Maigatari, yana kwana Katsina da Kano, yana jin rediyonsu, shi ya san maganar can ba ta tsayawa a kan iyaka. Ban da wannan ma, Faransawa da kansu, ranar da suka tashi hana mu abin, da kalmar Ingilishi suka kira shi. Za mu zo wurin.

Bari mu fara fasa kalmomin kamar yadda a ke fasa goro. Ta farko ɓari biyu ce: self, watau kai, da government, watau mulki ko gwamnati. In an haɗa, mutane su riƙa tafiyar da sha'aninsu da hannunsu. Ta biyu tushenta depend, wadda asalinta cikin Latin rataya ce, abu ya rataya ga wani abu, kamar yadda guga ke rataye da igiya. Ɗan guntun nan in da aka sa a gabanta shi ke kore ma'anar. Independence ke nan rashin rataya ga kowa. Ita ce Faransawa ke rubutawa kusan da haruffa ɗaya, sai lafazi ya bambanta. Ku lura da kyau: kalmar farko tana faɗin wanda ke aiki cikin gida, amma ba ta ce kome ba game da wanda ya mallaki gidan. Ta biyu ita ce ke maganar igiya.

Kakanninmu sun san wannan bambanci tun Bature bai zo ba, suna kuma da sunansa. A zamanin bauta a ƙasar Hausa akwai abin da a ke kira murgu. Ubangiji ya kan bar bawansa ya fita ya nemi na kansa, ya yi noma, ko saƙa, ko dako, ko fatauci, ya zauna inda ya ga dama, da sharaɗin ya riƙa kawo wani abu sananne na kuɗin wuri a kan lokaci. Wanda ya gan shi a kasuwa da riga mai kyau yana ciniki ba zai bambanta shi da ɗa ba. Shi ke tsara yininsa, shi ke riƙe da jakarsa. Amma fa ranar da ubangijin ya ga dama sai ya ce murgu ya ƙare, dawo gandu. Ba alƙalin da zai hana, gama izini ne aka ba shi, mai izini kuwa yana da ikon janyewa. Fansa kuwa wata aba ce. In bawa ya biya fansar kansa a gaban shaidu, ko aka 'yanta shi, igiya ta tsinke, tsohon ubangiji ko ya yi da-na-sani ba shi da hanyar mayar da shi. Mai murgu yana iya fin wanda ya fanshi kansa dukiya nesa ba kusa ba, wannan bai sa ya zama ɗa ba. To self-government murgu ce ta ƙasa, independence kuwa ɗiyauci, abin da a ke kira 'yancin kai.

Yadda Ingilishi suka saba yi shi ne, in sun ba ƙasa self-government, 'yan ƙasa su zaɓi majalisa, a naɗa ministoci na makarantu, da asibiti, da noma, da hanyoyi, da haraji. Gwamna kuwa yana nan cikin gidansa, yana riƙe da soja, da sha'anin ƙasashen waje, sau da yawa har da 'yan sanda, kuma doka ba ta zama doka sai ya sa hannu. Takardar tsarin mulkin ma daga London ta ke fitowa, can a ke iya sāke ta ko a soke ta.

Babbar gardama a kan kalmomin nan an yi ta a birnin San Faransisko na Amurka a 1945, sa'ad da ƙasashe 50 suka taru domin rubuta dokar kafa Majalisar Ɗinkin Duniya. Da aka zo kan ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, wakilan Sin da na Tarayyar Sobiyat, da Carlos Romulo na Filifin, suka nemi a rubuta cewa makomarsu independence ce. Ingila da Faransa suka ƙi. Wakilin Ingila, Lord Cranborne, ya tsaya a kan self-government ta isa. Da kalmomin ma'anarsu ɗaya ce, me zai sa manyan mutane su ɓata kwanaki suna ja-in-ja a kan wadda za a rubuta? A ƙarshe aka raba abin biyu. Sashe na 73, wanda ya shafi ƙasashen mallaka baki ɗaya, irin su Nijar da Nijeriya da Kenya, aka rubuta masa self-government kaɗai. Sashe na 76, wanda ya shafi ƙasashen amana, watau waɗanda aka karɓe daga Jamus da sauran waɗanda aka ci da yaƙi aka danƙa wa wasu riƙo, irin su Kamaru da Togo da Tanganyika, shi aka rubuta masa self-government ko independence. Ƙasashen amanar nan 11 ne kacal. Mutumin Garwa da mutumin Zinder, dukansu Faransa ke mulkinsu, amma a takardar duniya an buɗe wa ɗaya ƙofar da ba a ambata wa ɗayan ba, saboda kalma guda. Sai da aka shekara 15 kafin a gyara, ran 14 ga Disamba 1960, da Majalisar ta zartar da ƙuduri mai lamba 1514 na ba dukan ƙasashen mallaka independence. Ƙasashe 89 suka yarda, babu wadda ta ce a'a, 9 suka ƙi jefa ƙuri'a, cikinsu har da Ingila da Faransa da Amurka da Fotugal da Beljiyam.

Faransa kuwa tun kafin San Faransisko ta riga ta faɗi nata. A farkon 1944 Janar de Gaulle ya buɗe taro a Barazabil, gwamnoninsa na Afirka suka zauna, babu zaɓaɓɓen wakilin talakawa ko ɗaya. An yi alkawura a wurin, wasu ma an cika su daga baya, kamar kashe aikin tilas a 1946. Amma a kan takardar ƙarshe suka rubuta cewa ba a ma tunanin ƙasashen nan su fita daga daular Faransa, kuma kafa self-government a cikinsu, ko da nan gaba mai nisa, abu ne da za a kawar. Haka suka sa kalmar, da Ingilishi, tsakiyar Faransanci, kamar mai ɗaukar garwashi da cokalin maƙwabci. Murgun ma a lokacin sun ga ta yi mana yawa.

A Gwalkwas, watau Gana ta yau, Kwame Nkrumah ya kafa jam'iyyarsa ta CPP a 1949 da kirarin neman self-government nan take. Aka ɗaure shi a 1950, ya ci zaɓe yana kurkuku, aka fito da shi a Fabrairu 1951 ya shugabanci aikin gwamnati. A 1954 ministoci duk sun zama baƙaƙen fata, amma soja da harkar waje suna hannun gwamna Arden-Clarke har ran 6 ga Maris 1957. Shekara shida ke nan Nkrumah yana mulki kafin ƙasarsa ta zama ɗiya.

Na Nijeriya ya fi kusa da mu, bari mu ɗan tsaya a kansa. Ran 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo shawara a majalisar Ikko cewa a sami self-government a 1956. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya ce a cire shekarar, a rubuta da zarar abin ya yiwu, domin yana ganin Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilmin boko, in Bature ya tashi mutanen Kudu za su cike ofisoshi. Aka watse baran-baran, aka yi wa wakilan Arewa ihu a Ikko, a watan Mayu kuma rikici ya tashi a Kano, mutum fiye da 30 suka mutu. Duk wannan jini a kan kalmar farko ce, ba a ma kai ga ta biyu ba. Jihar Yamma da ta Gabas suka karɓi tasu a Agusta 1957. Arewa ta karɓi tata ran 15 ga Maris 1959, aka zaɓi ranar da gangan, gama ran 15 ga Maris 1903 ne sojan Lugga suka ci Sakkwato. An yi hawan daba a Kaduna, an yi murna, murnar kuwa tana da dalili. Amma washegari gwamna Gawain Bell yana nan Kaduna, babban gwamna James Robertson yana nan Ikko da soja a hannunsa, kuma babu kujerar Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Kujerar ba ta samu ba sai ran 7 ga Oktoba 1960, kwana shida bayan an sauke tutar Ingila. Watanni 18 da 'yan kwanaki ne tsakanin ranakun biyu, su ne masu fassara ke shafewa in sun kira duka biyun da suna ɗaya.

Kada wani ya ce janye iznin nan zance ne na takarda wanda ba a taɓa aikatawa ba. A Giyana ta Ingilishi, can Amurka ta Kudu, Cheddi Jagan ya ci zaɓe a 1953, aka naɗa ministocinsa. Kwana 133 suka yi. London ta ce 'yan kwaminis ne, ta aiko da soja a jirgin ruwa, ta dakatar da tsarin mulkin, gwamna ya koma yana mulki shi kaɗai. Tsibirin Malta an ba shi a 1921, an karɓe a 1933, an mayar a 1947, an sake karɓewa bayan rikicin 1958. Ko a 2009 Ingila ta dakatar da gwamnatin tsibiran Turks da Caicos bisa zargin cin hanci, ta riƙe mulkin har 2012. Ko zargin gaskiya ne ko ƙarya, wannan wata magana ce. Abin dubawa shi ne doka ta ba ta ikon yin haka, ba ta kuwa da irin wannan iko a kan Gana ko Nijeriya kome ɓarnar da masu mulkinsu suka yi.

Yanzu mu dawo gida, inda aka yi mana wasan da Faransanci, autonomie a wurin kalmar farko. Dokar Defferre ta 23 ga Yuni 1956 ta ba kowa ƙuri'a, ta kafa majalisar ministoci a ko wace ƙasa. Bayan zaɓen Maris 1957 Djibo Bakary ya zama babba cikin 'yan ƙasa a gwamnatin Nijar, amma sunan kujerarsa mataimakin shugaba, shugaban kuwa gwamna ne. Sai 1958 de Gaulle ya kawo ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba. Wanda ya ce i, ya shiga Tarayyar da suka kira Communauté, ya yi mulkin cikin gidansa. Wanda ya ce a'a, ya sami 'yancin kai nan take, Faransa ta kwashe kayanta. Sashe na 78 na tsarin mulkin nan ya jera abin da ya rage a hannun Tarayya, wadda shugabanta shi ne shugaban Faransa: harkar waje, da tsaro, da kuɗi, da manyan manufofin tattalin arziki, da ma'adinai masu amfani ga yaƙi, har da sa ido a kan shari'a da ilmi mai zurfi. Ku gwada wannan jeri da abin da gwamnan Ingilishi ke riƙewa, za ku ga uwa ɗaya ta haife su. Gine ta ce a'a, ta zama ƙasa ran 2 ga Oktoba. A nan Sawaba ta yi kiran a ce a'a, Faransa ta aiko da sabon gwamna, Colombani, sarakuna da yawa suka juya, aka sanar da cewa i ta ci da kusan 78 cikin 100, masu fita jefa ƙuri'a kuwa ba su kai 4 cikin 10 ba. Ran 18 ga Disamba 1958 aka kira Nijar jamhuriya, Diori Hamani yana shugaban gwamnati. Jamhuriya ce mai majalisa da ministoci, amma ba ta da soja nata, ba ta da jakada a ko'ina. Wannan sai bayan 3 ga Agusta 1960, ta kuma shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ran 20 ga Satumba na shekarar. Yaro ɗan lakwal da ya haddace ranakun nan biyu bai san dalilin da ya sa suka zama biyu ba, an koya masa rabin darasi.

Ba mu ce self-government banza ce ba. A cikinta aka koyi aikin minista, aka buɗe makarantu, aka horar da ma'aikata, kuma ƙasar da aka sake ta ba tare da wannan horo ba, kamar Kwango ta Beljiyam a 1960, ta sha wuya ƙwarai. Akwai kuma mutanen da aka tambaye su suka zaɓi su tsaya a nan da idonsu biyu. Mutanen Bamuda sun ƙi independence a ƙuri'ar 1995. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a ƙudurinta mai lamba 1541 ta yarda ƙasa tana iya fita daga mallaka ta hanyar 'yancin kai, ko ƙawance da wata ƙasa bisa son ranta, ko haɗewa da ita. Wanda ya san sunan abin da ya saya ba a cuce shi ba. Abin da muke ƙi shi ne a sayar wa mutum da jaki a ce masa doki ne domin dukansu suna da ƙafa huɗu.

Akwai kuma wata tambaya da kalmar farko ke ɓoyewa: kan wa? Rodeshiya ta Kudu ta sami self-government tun 1923, shekaru 36 kafin Kaduna. Amma kan da ke mulkin na 'yan tsirarun Turawa ne da suka zauna can, waɗanda a 1930 suka yi dokar da ta ware musu wajen rabin ƙasar noma. Baƙar fata mai ƙasa bai ga kome ba sai ƙarin nauyi. A 1965 Ian Smith ya ce ya ɗauki independence da kansa, babu ƙasa ɗaya da ta amince masa a hukumance, aka yi ta yaƙi har Zimbabuwe ta tsaya ran 18 ga Afrilu 1980.

Ita ma kalma ta biyu ana iya yi mata rami a ciki. Ingila ta ce Masar ta sami independence a Fabrairu 1922, amma ta keɓe wa kanta abubuwa huɗu, cikinsu har da tsaron ƙasar da sha'anin Sudan, sojanta kuwa ba su bar bakin mashigin Suwes ba sai 1956. Afirka ta Kudu ta ba yankin Transkei independence a 1976, da tuta da shugaba, duniya ta ƙi kallonsa, a 1994 aka mayar da shi inda ya fito. Mu ma ba a bar mu haka ba. Ran 24 ga Afrilu 1961 Nijar da Dahome da Kwaddibuwa suka sa hannu a yarjejeniyar tsaro da Faransa, aka liƙa mata wata takarda a kan ma'adinai, yuraniyom yana ciki, cewa Faransa ce ta farko wajen saye. Kuɗin sefa da aka ƙirƙira a Disamba 1945 ya ci gaba da rataya ga kuɗin Faransa, duk wanda ya yi ciniki a Janairu 1994 kuwa ya tuna daren da jikarsa ta kwana jika ta tashi rabi in an auna da kuɗin waje.

Wasu in sun ji haka sai su ce ashe duk ɗaya ne, sunan ne kawai aka sāke. Mu ba mu yarda da su ba, ga kuma hujjarmu. Nijeriya ma ta sa hannu a yarjejeniyar tsaro da Ingila a 1960. Ɗalibai suka yi zanga-zanga, 'yan hamayya suka tsananta, a Janairu 1962 aka soke ta. A 1963 ta cire Sarauniya daga shugabancin ƙasa, ta daina kai ƙarar ƙarshe London. Ba ta roƙi kowa izini ba. Sojan Faransa na ƙarshe sun bar Nijar a Disamba 2023 domin hukumar Yamai ta ce su tafi, kowa kuwa da ra'ayinsa a kan hukumar, amma Faris ba ta da wata doka da za ta buɗe ta ce ta dakatar da gwamnatin Nijar kamar yadda London ta yi wa Jagan. Ƙasa mai 'yancin kai tana iya ɗaura wa kanta igiya saboda tsoro, ko talauci, ko kwaɗayin shugabanninta, amma wuƙar yankewa tana hannunta. Ƙasa mai self-government kome kyan zamanta wuƙar tana hannun wani. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da jerin yankuna 17 da ta ce ba a gama fitar da su daga mallaka ba, cikinsu akwai Yammacin Sahara, da Jibralta, da Sabuwar Kaledoniya, da ita Bamuda ɗin, da yawansu kuwa suna da majalisa da firayim minista.

Saboda haka ga abin da muke roƙon shugabannin rassa da masu karanta wa jama'a wannan takarda. In kun gamu da self-government ko autonomie, ku ce mulkin cikin gida. In kun gamu da independence, ku ce 'yancin kai ko ɗiyauci. Mulkin kai kuwa, tun da bakin mutane ya saba da ita a wuri biyu, in wani ya faɗe ta a taro ku tsayar da shi cikin ladabi, ku tambaye shi wacce ya ke nufi, kuma a ƙasar da ya ke magana wa ke riƙe da soja, wa ke buga kuɗi, wa ke aika jakada, wa kuma ke da ikon soke takardar tsarin mulki. A karanta wannan a zaman reshe na gaba, a bar dattawan da suka ga 1958 da idonsu su faɗi abin da aka gaya musu i da a'a ke nufi a garinsu, a rubuto mana.